Lamba ta Bakwai a Faifan Malam Bappayo

Da sunan Allah, Mai rayawa, Mai kashewa, Wanda ba a tambayarSa dalili.

Zuwa ga 'yata Batul, 'yar farin aminina, a ɗakinta da ke Kwadon. Gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ake yi da murya ƙasa-ƙasa a gidan da aka yi rashi. Gaisuwa gare ki, da maigidanki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki da ke cikin takaba a Pantami. Ina neman afuwarki bisa kutsowar wannan takarda a kwanakin da bai kamata a zo muku da komai ba sai addu'a. Sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Dalilin da ya sa na riƙe shi a karo na huɗu yana ƙasa, amma ki bar ni in fara ba mamaci haƙƙinsa.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga Agusta, cikin watan Safar, da hantsi, ina bayan gidana a Tumfure ina duba masara, sai Cornelius mai shagon kayan sauti ya kira ni a waya. Ya ce mahaifinki, Malam Bappayo mai gyaran rediyo, ya kife a kan teburin aikinsa, ƙarfen da yake narka dalma da shi bai ko huce ba. Kafin keke ya kai ni Pantami an riga an lulluɓe masa fuska.

Kunnen garinmu ya shige ƙasa,
Wa zai jiyo mana abin da ke nesa?
Hannun da ke tayar da matacciyar murya,
Yau ya yi sanyi, duk dabara ta kasa.

Ya Bappayo, shekara talatin muna tare, ban taɓa ganin ka buɗe cikin rediyo kafin ka saurare shi ba. Kakan rufe ido, ka karkata kai, ka ce kowace na'ura tana faɗin ciwonta, masu ita ne ba sa haƙurin ji. Makiyaya sukan taho maka da rediyonsu naɗe a cikin rawani, ka gyara, ka tsare su da tambayar lafiyar shanu har rana ta karkata. Lasifikar masallacin unguwarku hannunka ta sani. Da na'urar sautin cocin su Cornelius ta mutu ana saura kwana biyu Kirsimeti, kai ka zauna a kanta yini guda cur, da suka zo godiya ka ce su je su gwada tukuna, kada a gode wa abin da bai yi magana ba. Ni kuwa ba ka taɓa barina na huta ba. Da na sako ƙafa a rumfarka sai ka ce ga Babarbare bawanka ya zo da baitocinsa, a kawar da kayan gilashi kada muryarsa ta fasa su.

'Yata, ki yi haƙuri da abin da zai biyo baya, domin zai yi miki kama da zancen kayan ƙarfe a gidan makoki. Ba shi ba ne.

Ina da fayafayan sidi masu yawa na tsofaffin rubutattun waƙoƙi, waɗanda aka kwafo mini daga kaset kafin zarensu ya ruɓe. Na daɗe ina burin na'urar da za ta fitar da su yadda suka cancanta. A farkon watan nan Cornelius ya samo guda biyu cikin kayan hannu da ake shigowa da su daga ƙetare. Ɗaya baƙa ce, shafaffiya, kana taɓa ta take amsawa. Ɗayar mai nauyi ce, tana da 'yar taga a gaba, a bayan tagar akwai ƙananan kwalabe biyu na gilashi da masu gyara ke kira bawul. In an kunna ta sai kwalaben su yi ja a hankali kamar garwashi, ba ta kuma furta komai sai ta ɗumama. Albarkacin mahaifinki Cornelius ya bar ni na tafi da su gida duka biyu in gwada, in riƙe ɗaya, in mayar da ɗaya.

Mahaifinki yana da ƙa'idojinsa na zaɓe. Ba a zaɓar na'ura a shago, sai a ɗakin da za ta zauna. Ranar Litinin, kwana biyu kafin rasuwarsa, ya hawo keke har Tumfure bayan azahar. Ya janye mai kwalaben daga jikin bango don ta sha iska, ya ce zafin Gombe ya ishe ta ba sai an ƙara mata ba. Ya ƙwanƙwasa kowace kwalba da bayan biro yana sauraron ko za ta yi tsuwa. Ya sa faifai mai ƙarzuwa ya ga ko idon na'urar zai karanta. Ya gargaɗe ni cewa bawul yana tsufa kamar mutum, in tabbata ana samun madadinsa, kada kuma in kuskura in jona ta da wutar nan tamu mai hawa da sauka ba tare da abin daidaita wuta ba. Da na miƙa hannu zan ɗauko faifan waƙa, sai ya buge mini hannu.

"Waƙa mayaudariya ce, Babarbare. Kiɗa yana rufa wa na'ura asiri. Da muryar wanda ka sani ake gwaji."

Sai ya zaro nasa faifan daga aljihun gaba. Duk wanda ya taɓa sayen kayan sauti da shawararsa ya san faifan nan. Shi ya ɗauke shi da kansa a rumfarsa shekarun baya. A lamba ta ɗaya yana ƙwanƙwasa ƙofa ya yi sallama. A ta biyu takunsa ne, daga hagu zuwa dama. A ta uku yana tsiyaya shayi a kofi, a ta huɗu yana ƙidaya da Fulatanci. A ta biyar yana tambaya, "Ka ji ni? A ina nake tsaye?" sai ya bar shiru don mai saye ya nuna da yatsa. Ta shida numfashinsa ne kawai. Da ta zo ƙarshe yakan sa yatsa ya tsayar da faifan. Ranar na lura fuskar na'urar tana nuna lamba bakwai, na tambaye shi. Ya ce ta bakwai ta mai rumfa ce, ba ta baƙi ba, ya kawo wata magana.

Mun gama da baƙar, mun sa faifan a mai kwalaben, sai hadari ya taso daga gabas aka ɗauke wuta. Bakin na'urar ba ya buɗuwa in babu wuta. Ya ɗan tsaya yana kallonta, na ga abin bai yi masa daɗi ba, sannan ya ce in bar shi a ciki, ranar Alhamis zai dawo mu yanke shawara. Na raka shi bakin hanya yana riƙe da hularsa saboda iska. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Kin tuna ranar addu'ar uku, da na shigo cikin gida yi muku gaisuwa. Kin rako ni har zaure, kanki a sunkuye, kika ce mini abin da ban zaci zan ji daga bakinki ba: har ya koma ga Allah ba ki taɓa jin sunanki a bakinsa ba. Na ba ki amsar da kowa zai bayar, cewa ke 'yar fari ce, shi kuma Bafulatani ne na asali, kunya ce ba ƙi ba. Ko a gabana ba ya wuce "waccan ta Kwadon". Kika ce kin sani, kin sani sarai, amma sani daban, ji daban. Na yi miki sallama na fita.

Kwana tara da rasuwarsa, da la'asar sakaliya, na shiga ɗakin da nufin in ciro faifan in kai muku cikin kayansa. Na kunna na'urar. Kwalaben suka fara ja. Allah ne shaida, maɓallin buɗewa na nufa, amma yatsana ya sauka a kan na kunna faifai, inda na ga nasa yana sauka.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka yi sallama.

Uwargidana Najeeba tana tsakar gida tana tankaɗe. Na ji ta amsa sallamar da fara'a, ta ce maraba da Malam, ta tashi ta ɗebo ruwa a kwanon da take ba shi. Sai da ta iso bakin ƙofa ta ga ni kaɗai ne a ɗakin. Ta tsaya da kwanon a hannu, takunsa kuma yana ratsa ɗakin daga taga zuwa wajen kujerar da ya zauna ranar Litinin. Ta ajiye kwanon a ƙasa ta koma da baya. A baƙar na'urar, da muka gwada tare, faifai na ji. A wannan kuwa mutum ne. Ana jin ɗan tsinkewar da ke cikin maƙogwaronsa, ana jin rigarsa tana motsi. Da ya ce, "Ka ji ni? A ina nake tsaye?" sai na tarar da hannuna a miƙe, ina nuna gefen kujera, bakina yana cewa ga ka nan.

Na kunna wuta don in ji waƙa,
Sai ga baƙo ya shigo ɗaka;
Ba shi da inuwa, ba shi da sawu,
Sai numfashinsa kusa da ni haka.

Numfashin ya zo, ya daɗe, ya ƙare. Na jira yatsan da ke tsayar da faifan. Babu shi. Lamba ta juya zuwa bakwai.

Da farko shiru ne mai tsawo, sai kukan kurciya can nesa a bayan rumfarsa. Ya yi gyaran murya sau biyu. Sannan ya kira sunanki, Batul. Ya kira shi a hankali, kamar mai ɗaga tulun da ya cika fal yana tsoron zuba. Ya sake kira. A na uku muryarsa ta karye, ya ci gaba da Fulatanci. Abin da na tsinta daga harshenku bai taka kara ya karya ba, amma na gane da ke yake magana, ba da mai sayen na'ura ba. Na miƙa hannu na kashe wuta daga bango. Maganar ta yanke nan take, kwalaben kuwa suka daɗe suna kallona kafin su dushe. Kafin in kashe, fuskar na'urar ta nuna mini saura kusan minti huɗu da ban ji ba, ba kuma zan ji ba.

Tun ranar ba na zama a ɗakin. Najeeba ta yafa wa na'urar mayafi, ta bar share wajen. In na wuce ta bakin ƙofa nakan rage sautin takuna ban san dalili ba.

Ya Bappayo, ka yafe mini. Shekaru kana tsare ƙofar nan da yatsa ɗaya, ni na bar ta ta buɗe. Ban sani ba ko ka ajiye abin ne don ta ji wata rana, ko ka faɗa wa na'ura ne don ka tabbata babu mahaluƙin da zai ji. Kai kaɗai ka san amsa, kai kuma ka tafi inda ba a aika tambaya. Allah Ya jiƙanka da rahamarSa, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa ka ji sallamar mala'ikun rahama da kunnen nan naka da ba ya kuskure. Ya sa gyaran da ka yi wa masu shi da marasa shi ya zame maka haske. 'Yata, ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da ƙannenki, da dangi na Pantami da na ruga, da Cornelius da ya yi kuka a maƙabarta kamar ɗan uwa na jini. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata tamu in ta zo.

Yanzu ga abin da ya sa na dame ki. Cornelius ya yi mini kara, ya ƙara mini kwanaki, amma akwai mai jiran duk wadda ban ɗauka ba, ranar Asabar mai zuwa zai zo ya tafi da ita. In don kaina ne, baƙar zan riƙe, domin ba zan iya zama da ɗayar ba. Amma in kina so ki ji mahaifinki, to a mai kwalaben ya kamata ki ji shi, zan riƙe ta, in daure, har ranar da kika shirya. In kunna miki, mu fita ni da Najeeba, mu ja miki ƙofa. In kuma kin ga kunyarsa ta fi cancanta a tsare ta har bayan ransa, zan ciro faifan in karya shi da hannuna, na'urar ta tafi, maganar ta mutu tsakanina da ke. Ban gaya wa mahaifiyarki ba, ban gaya wa kowa ba.

Kada ki kira ni a waya, kada kuma ki zo ki durƙusa a gabana, domin na san abin da za ki ce: duk yadda ka gani, Baffa. Ni kuwa ban ga komai ba, ji kawai na yi, abin da na ji kuma ba nawa ba ne. Takarda ba ta da idon da za ki ji nauyinsa. Ki rubuta mini da hannunki, ko da kalma ɗaya ce, ki ba direban da ya kawo miki wannan, ta iso ni kafin Juma'a ta fita. A riƙe, ko a karya.

Baffanki mai jiran amsa,
Sa'idu Abdulgafar,
Tumfure, Gombe.