Zauren da Muntaka Magini Ya Rushe

Da an idar da sallar asuba kowa a unguwarmu yana neman kokonsa, Muntaka magini kuwa katangun mutane yake nufa. Yana tafe yana shafa su da tafin hannu, ya leƙa indararon wannan ya ga ko gidan maƙwabci yake zuba, ya tsaya inda aka jera tubali jiya yana karkata kai. Ba sarki ne ya naɗa shi ba. Amma tun ina yaro a Matameye ba a fitar da sabon lungu sai ya zo ya auna, abin awonsa kuma makara ce. Zai aro ta daga masallaci, ba kowa a ciki, ya sa maza su saɓa su bi lungun har ƙurya. In ta wuce ba ta gogi bango ba, a yi gini. In sai an karkata ta, a rushe. Mun sha tsokanarsa, muna cewa shi kaɗai ke kai makara gidan da kowa yake ƙalau.

Shekarar da Nasara suka ja hanyar mota ta ratsa gari ta nufi Damagaram, aka kafa turaku, duk gidan da ya faɗa cikin layi aka ce ya tashi. Aka ba waɗanda aka tasa fili a unguwarmu, filin kuwa bai kai yawansu ba. Manu mai gyaɗa, wanda hanya ta cinye wa gida da rumbu, rabonsa ya faɗo a bakin lungun da ke shiga gidan Inna Salamatu, tsohuwar da 'ya'yanta duk suka riga ta, ba ta da mai tsaya mata. Manu ya ja harsashi. Muntaka ya kawo makara, ta shiga kaɗan ta cije.

Manu ya ce, "Baba Muntaka, ka dubi Allah. In na ja baya ko da taƙi ne, ɗakin mahaifiyata ba ya ɗaukar gado. Ni ma koro ni aka yi."

Muntaka ya shiga ya duba, ya tarar gaskiya ce. Yana fitowa sai ga Inna Salamatu ta dogaro sanda.

Ta ce, "Muntaka, ni ba fili nake nema ba. Kar dai ran da na mutu a miƙo ni ta kan katanga kamar damin gero."

Ɗaya gefen lungun kuwa, daura da harsashin Manu, zauren Muntaka ne. Duk garin ba zaure irinsa, da zankayensa, da zanen da ya yi da hannunsa a bakin ƙofa, har mutanen Kance da Tsauni kan tsaya su kalla in sun zo cin kasuwa. Washegari da hantsi muka ji ƙarar dagi. Na fito, na same shi a saman zauren yana ɓamɓare azara.

Manu ya zo da gudu. "Baba, zaure ne fa. Ina za ka riƙa saukar baƙi?"

Muntaka ya ce, "Baƙo ya zauna a tabarma. Mai rai yana iya karkata kafaɗa ya wuce, wadda aka ɗauko ba ta iyawa. Kawo jakinka ka kwashe ƙasar nan, ta fi ta kududdufi riƙe gini."

Da ƙasar zauren Muntaka aka gina ɗakin mahaifiyar Manu, filin zauren kuma aka ƙara wa lungu.

Baba Muntaka, kai ne magini da ya zauna a gida mai ƙofar zana alhali rabin sorayen gari aikin hannunka ne. Duk wanda ya san garinmu ya san nauyin a ce magidanci ba shi da zaure. Ka ɗauki wannan nauyi saboda tsohuwar da ba ka haɗa jini da ita ba, ba mu taɓa jin ka ambata shi ba, ko da wasa.

Bayan girbin bana Allah ya yi wa Inna Salamatu rasuwa. Ina cikin waɗanda suka ɗauko ta, Manu yana gaba yana hawaye. Ta ƙofarta ta fito, a miƙe, ba kafaɗar da ta taɓa bango.

Yanzu gwiwa ta hana ka zagayen safe, ga shi ana raɗe-raɗin kumandan, Baturen mulki, zai sake yanka fili wajen kasuwa. Mun gode, Baba, Allah ya saka maka da gida mai yalwa a Aljanna. Ku kuma da za a ba fili, kafin ku ja harsashi ku waiwaya ku ga wa ke bayanku. Wanda ya ga abin ya yi masa wuya, ya je ya gai da Muntaka. Za ku same shi bisa tabarma a bakin zanarsa, rana tana dukansa, da ya ji tahowarku zai naɗe ƙafafunsa don kar ya tare lungu.