Madarar Kwaɗo da Ƙafar Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa zama mun yi magana ido da ido ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ya riƙe ta gam. In yana son ruwa ina zaune a gabansa, sai ya dubi katanga ya ce, "A ba ni ruwa." Inna ma haka, ko ma ta fi shi. Duk maganar da ke tsakanina da su Gwaggo ce ke kaiwa ta kawo. Yayar Baba ce, tana zaune tare da mu a unguwar Minanata tun rasuwar mijinta. Ban taɓa ganin laifin wannan tsari ba, a cikinsa na tashi har na fara digiri na biyu.

Baba mahauci ne, teburinsa yana unguwar Gawon Nama. Ranar da ya ji abin da nake bincike a kai ya yi dariya har da tari, ya ce wa Gwaggo, "Ji min, mu muna hiɗar shanu, ita ta ƙare ga kwaɗi." Tun daga nan na koma "mai kwaɗin nan". Yana da ciwon suga, ya daɗe da shi. Wata rana ya taka tsinin ƙashi a wurin sana'a, bai ma sani ba, don ƙafar ta daɗe da daina jin abu. Inna ce ta ga jini a takalminsa. Ɗan rauni ne a ƙarƙashin babban yatsa, bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, amma ya ƙi rufewa.

A lokacin aikina ya kankama. Da sassafe nake zuwa fadamar Kwalkwalawa da bokiti mai murfi da safar hannu, manoma su nuna min inda kwaɗi ke laɓewa ƙarƙashin ciyawar da aka tara a bakin lambu. Kullum sai wani ya ce, "Malama, ki kiyayi hitsarinai, shina sa ƙazwa." Na gaji da cewa ba fitsari ba ne, na bar su. A bayan idanun kwaɗo akwai wasu kumburi guda biyu. In ka wanke shi ka matsa wurin a hankali, wani farin ruwa ne ke fitowa mai kauri, kamar nonon tumfafiya. Shi muke kira madarar kwaɗo. A farantin gilashi nake tara ta, ta bushe, in kankare, in auna, in narkar, sannan in mayar da kwaɗin inda na ɗauko su. Sai in ɗiga ta a tsakiyar wani farantin da muka shuka ƙwayoyin cuta irin waɗanda ke hana gyambo warkewa. Washegari a duba. In madarar ta kashe su, za ka ga fili fes ya kewaye wurin da aka ɗiga, ka sa rula ka auna faɗinsa. Wata huɗu ina ɗigawa ban ga komai ba.

Ran da na ga filin nan, wallahi sau uku na sa rula na auna shi. Na dawo gida da la'asar, tun daga zaure nake kiran Gwaggo. "Gwaggo, ya yi aiki! Ya kashe ƙwarin gyambo!" Ban lura Baba yana kishingiɗe a rumfa ba, ƙafar a kan matashi. Ni kuwa bakina ya riga ya buɗe, na yi ta zuba.

Abin da ban faɗa ba a ranar, don ni ma ban gani ba tukuna sai bayan mako biyu, shi ne abin da madarar ke yi wa ɓera. Dafi ce. Da ita kwaɗo ke kare kansa, zuciya take kamawa. Na tsaya na ga ɓerayen gwajinmu suna karkarwa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Malamina ya ce haka ake fama, sai an tace an ware abin da ke kashe cuta daga abin da ke tsayar da zuciya, in ma zai waru, kuma wannan aikin shekaru ne, wataƙila ma ba mu ne za mu ga ƙarshensa ba. Na rubuta a littafina na rufe.

A wannan tsakanin raunin ya yi baƙi a gefe, ya fara wari. Ƙanin Baba ya kai shi asibiti. Likita ya ce a kwantar da shi a cire yatsan tun bai hau sama ba. Baba ya sa hularsa ya dawo gida. Gwaggo ce ta zo min da saƙon, tana murna abinta.

"Ya ce ba mai yanke mai yatsa, ɗiyatai na haɗa maganin. Duk Gawon Nama an sani. Yaushe za ki kawo?"

Na ce, "Gwaggo, ba magani ba na tukuna. Dahi na. Shi koma asibiti."

Ta shiga ɗakinsa. Ina tsakar gida ina jin ta ta taga. "Ta ce tukuna, sai an ɗan jima kaɗan."

Kai, Gwaggo! Da ta fito na tare ta, na ce ba haka na ce ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To mi kika so in ce? In ce ma mara lahiya babu? Ke da bakinki kinka ce tukuna." Gaskiyarta ce, ni na faɗa. Haka muke magana a ɗakin gwaji, ba mu cewa babu, sai dai mu ce ba a kai ba tukuna. A gida kuwa, in aka ce tuwo tukuna, to yana kan wuta.

Na sake aikawa, sau nawa ma ban sani ba. Na ce a ce masa shekaru ne, ta ce masa ana kan aiki. Na ce a ce masa yana kashe ɓera, ta ce masa yana da ƙarfi, sai an rage. Na gwada Inna, ta kau da kai ta ce wa murhu, "A hwaɗa ma Gwaggo." Ƙanin Baba ya yi nasa faɗan, Baba ya ce masa hassada ce, don 'ya'yansa ba su yi karatu ba. Shi kuma Baba ya ɗauka kawaici nake yi, ko malamina ne bai ba da izini ba. Har kilishi ya sa aka yi, na musamman, ya ce a kai wa malamin. Na karɓa na kai ɗakin gwaji, muka ci.

Mako shida aka yi a haka. In an tambaye ni me na ji a makonnin nan, ban ji komai ba, gaskiya ke nan. Ina tashi, in je fadama, in matsa kwaɗi, in auna fili, in dawo. Warin yana tarar mutum tun daga zaure. Inna ta yi ta turare, ya haɗu da warin ya zama wani abu daban. In wuce ƙofar ɗakinsa in ce, "Sannu, Baba," ya ce wa labule, "A ce mata sannu." Taku uku ne tsakanin inda nake tsayawa da tabarmarsa. Ina da shekara ashirin da bakwai, ina tsayawa gaban manyan malamai in kare aikina ba gargada, amma taku ukun nan sun gagare ni.

Ranar wata Talata da hantsi zazzaɓi ya rufe shi. Gwaggo ta kwance tsumman da ke ɗaure a ƙafar don ta sake wani, na hango daga ƙofa. Baƙin ya wuce idon sawu. Ban san lokacin da na cire takalmi na shiga ba. Na durƙusa daidai kansa, inda babu katangar da zai duba.

Na ce, "Baba, babu magani. Ba ni da shi, malamina ba shi da shi, ba kowa ad da shi ba. Ba tukuna ba na, babu na. In ba ka tahi asibiti yau ba, mutuwa za ka yi."

Gwaggo ta yi salati ta ce, "Ke! Ubanki na hwa!" Shi dai ya dube ni. A ranar na san akwai ɗan tabo a cikin farin idonsa na hagu. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce wa Gwaggo a kira ƙaninsa ya zo da mota.

Likitan da ya gan shi da farko shi muka tarar. Bai yi faɗa ba, ya dai duba ya ce yanzu sai dai a yanke ƙafar daga ƙasa da gwiwa. Aka kawo takardar sa hannu. Ƙanin Baba ya miƙo min ya ce ni ce mai boko. Na karanta ta tun daga sama har ƙasa, har da ƙananan rubutun, na sa hannu. Da aka shiga da shi tiyata na zauna a benci ina tunanin ko na mayar da farantan jiya cikin firij, na kasa tunawa.

Kwana biyu bayan aikin, da azahar, Inna da Gwaggo suka fita alwala, aka bar ni da shi. Zanen gadon ya kwanta shafal a inda ƙafar take a da. Ina zuba masa ruwa a kofi na ji ya yi magana, kuma da ni yake.

"Tun hwarko babu?"

"Babu, Baba."

"Kin sani?"

"Na sani."

Wani a gadon gefe yana ta kiran nas.

Baba ya ce, "In da kin shigo tun ran nan, yatsa ɗai za su cirewa?"

Na so in ce Allah ne masani. Haka Gwaggo za ta ce, kuma ba ƙarya ba ce. Na ce, "Awo, yatsa ɗai."

Ya ce, "To." Ya karɓi kofin ya sha rabi ya miƙo min, ya juya ya ba ni baya.