Hoton taurari ɗari huɗu, babu Iya ko a gefe

Wata rana wani mutum ya shigo shagona na kayan hoto a Kano, rataye da kyamara a wuya, yana taku kamar shi ya ƙera ta.

Ba zan faɗi sunansa ba. Ma'aikacin ofis ne, hoto sha'awa ce kawai a wurinsa.

Ya ce gilashin kyamara yake nema, na ɗaukar taurari. Zai je ƙauyensu can bayan Gumel, inda babu wutar lantarki, sama take fitowa tar. Mahaifiyarsa, wadda yake kira Iya, ita ta koya masa sunayensu tun yana ƙarami: Zara matar wata, Gamzaki, Kaza da 'ya'yanta.

Har dariya ya ba ni da labarinta. Wai ta haura saba'in, amma ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Da ta hango kyamara sai ta ja mayafi ta shige ɗaki.

Ko hoto ɗaya nata babu a duniya.

Ku riƙe wannan maganar.

Na duba gilashin da ke jikin kyamararsa. Gajere ne, mai faɗin ido, irin wanda yake buɗewa sosai ya sha haske. Na gaya masa abin da yake nema yana rataye a wuyansa. Da dare haske kaɗan ne, sai gilashin da zai kwaso sama da ƙasa gaba ɗaya, har da bishiya da katanga da mutumin da ke zaune.

Dogon gilashi kuwa na tsuntsu ne da filin ƙwallo. Kamar leƙe ta bututu yake, abu ɗaya yake gani, ga shi ba ya shan haske.

Ya yi mini kallon wanda bai san sana'arsa ba. Ya ce taurari suna nesa, saboda haka abin da ke jawo nesa shi ne daidai, ko yaro ya san wannan. Ya nuna mafi tsawo a cikin shagon, wani fari kamar taɓarya. Ya cire gajeren nasa ya ajiye mini, muka yi musaya ya yi ciko.

Sau ɗaya na gaya masa gaskiya. Ban maimaita ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba: cinikin ya yi mini daɗi, kuma girman kansa ya ba ni haushi. Na ce a raina, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Na ƙirga kuɗina na sa a aljihu.

Bayan kamar wata biyu ya dawo.

Da ƙyar na gane shi. Ya rame, takun nan babu shi. Ya miƙo mini katin kyamarar, ya roƙe ni in buɗe a kwamfuta.

Hoto ɗari huɗu da 'yan kai. Duk baƙi ƙirin, sai 'yan fararen zane-zane kamar tonon kaza. Har na buɗe baki zan ce ai na faɗa maka, sai ya fara ba ni labari.

Kwana uku ya yi a ƙauyen. Kullum bayan isha'i Iya takan shimfiɗa tabarma a gefensa a tsakar gida, tana nuna masa sama da yatsa, shi kuma yana fama da bututunsa.

A dare na uku ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito ɗaure da zanen da take ajiyewa a ƙasan adaka, wanda sai Sallah take fito da shi. Ta gyara zama, ta ce to, yau dai ya ɗauke ta, amma tare da Kaza da 'ya'yanta.

Matar da ta shekara saba'in tana gudun kyamara.

Ya juyo da kyamarar wajenta. Dogon gilashi bai ga komai ba sai duhu. Ta yi masa kusa da yawa.

Wayarsa tana aljihu, da caji. Amma ya ce a'a, hoton farko na mahaifiyarsa ba zai zama na waya ba. Ya gaya mata ta yi haƙuri, nan da sati biyu zai dawo da gilashin da ya dace, ya yi mata hoto na gani na faɗa.

Ta yi dariya, ta ce Allah ya kai mu. Ta koma ɗaki ta ninke zanenta.

Kwana tara da tafiyarsa zazzaɓi ya kama ta. Kafin ya isa har an kai ta makwancinta.

Yana gama labarin ya matso da kujera, ya ɗora yatsa a gefen allon kwamfutar.

"Malam, a nan dama take zaune. Don Allah ba yadda za a yi a faɗaɗa hoton, ko gefen zanenta ya fito?"

"Alhaji, abin da gilashi bai gani ba, kwamfuta ba ta da inda za ta samo shi."

Duk da haka muka duba. Ɗaya bayan ɗaya, ɗari huɗun nan, ina ƙara haske yana zura ido. Na san ba za mu samu ba, shi ma ya sani. Babu wanda ya iya cewa a daina.

Da muka kai na ƙarshe, na tashi na ɗauko gajeren gilashinsa, don ban sayar ba. Na ajiye a gabansa, na ce ya ɗauka, ba sai ya ba ni komai ba.

Ya daɗe yana kallonsa.

"Wa zan ɗauka da shi?"

Ya fita ya bar shi a kan tebur.

Yana nan har yau. Mutum uku sun taya, na ce ba na sayarwa ba ne.

Ina jin haushinsa, wallahi ina ji. Uwarka ta ɗaura zanen Sallah dominka, kai kuma kana tunanin ingancin hoto. Amma haushin kaina ya fi. Da na maimaita maganata sau biyu, ko na ce ya tafi da duka biyun, da yanzu jikokinta sun san kamanninta. Na zaɓi ciniki da jin daɗin in ga ya sha kunya. Ya sha kuwa, ba irin wadda na yi zato ba.

Darasi:

In tsohonka ko tsohuwarka suka ce yau, to yau ɗin ce. Yi da abin da ke hannunka, ko da bai kai yadda kake so ba. Hoton waya mai duhu ya fi hoton alkawari.

Kai kuma da ka san gaskiya, kada girman kan wani ya rufe maka baki. Faɗa, ka sake faɗa.

In mahaifiyarka tana raye, ajiye wayar nan ka je wurinta. Amma kafin ka ajiye, tura wa wannan ɗan'uwan naka da kullum yake cewa sai ya samu lokaci.

Allah ya jiƙan Iya.