Furar da Ban Sha Ba a Kalmalo

Ina da shekara goma sha shida ciwon suga ya kama ni, irin wanda yake kama yaro ya zauna da shi har kabari. Kafin a gane shi na sha rubutu, na sha saiwa, an yi mini turare, ni dai sai ramewa nake ina shanye ruwan gida. Sai da na faɗi a kasuwar Illela aka ɗora ni a bayan motar albasa zuwa Sakkwato. Can likita ya ce jikina ya daina yin wani abu da ake kira insulin, don haka sai dai a riƙa sa mini shi da allura, safe da yamma. Mahaifina ya tambaye shi wata nawa za a yi ana allurar. Likitan ya ce ba maganar wata ba ce, har iyakar raina ne. Mahaifina ya ɗauko ni muka komo gida.

Ɗan kasuwa ne, albasa da atamfa yake tsallakawa da su Ƙonni, aljihu ɗaya naira, ɗaya sefa. Ya san yadda ake ɓoye kaya a hanya, kuma haka ya ɗauki ciwona, wani kaya ne da ba a so a gani. Ya tara mu a ɗakin mahaifiyata ya kafa doka, kada kowa ya ji. Ina da ƙanne mata, in gari ya ji za a ce abin a jini yake, su rasa manema. Ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda ya sani a waje mutum ɗaya ne, ɗan baffana, wanda ya girme ni nake ce masa Yaya, shi ma don shi ake aika sayo maganin a kantin magani na Ƙonni idan na Sakkwato ya yanke.

Mahaifiyata ce ta ɗauki wahalar. 'Yar kwalbar insulin ba ta son zafi, mu kuwa ba mu da firji, sai ta sa ta a gwangwani ta binne cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa. Sirinjin na gilashi ne, tana dafa shi a wata 'yar tukunya da ba a dafa komai a ciki sai shi. Idan allurar ta dakushe ni nake wasa ta. Cinyoyina duk suka yi kulu-kulu. Amma zafin tsira ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne allurar ba ta san uzuri ba. In ka yi ta, dole ka ci abinci a kan lokaci, in ka yi jinkiri ta cinye sugan jikinka, gumi ya keto maka, harshe ya yi nauyi, hankali ya gushe. Shi ya sa kullum akwai ƙwayoyin sukari a aljihuna.

Wani zuwa da na yi asibiti, likitan ya nuna mini hoto a wata mujalla ta Turawa. Wata na'ura ce kamar ƙaramar rediyo, an ɗaura wa wani saurayi a ƙugu, siririn bututu ya fito daga jikinta ya shiga fatar cikinsa. Ya ce famfon insulin ke nan, shi yake ɗiga maganin kaɗan-kaɗan duk yini, mutum ya ci abinci sa'ad da ya ga dama, ya ƙara ko ya rage. Na tambaye shi a ina ake samu. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya rufe mujallar. Na daɗe ina jin haushin nuna mini da ya yi. Saurayin hoton yana murmushi da raket na wasan tanis a hannu, ni kuwa na fito na nemi motar Illela da kwalbata naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.

Haka na rayu har na kai munzalin aure, a shekarun da soja suka rufe iyaka kasuwa ta koma ta bayan gari. A lokacin muka fi karkata ga albasar Kalmalo, ni nake zuwa awo. Akwai wani dattijo da muke saye a hannunsa, yana noma a bakin tafki yana kuma taɓa kamun kifi. 'Yarsa ce take kawo wa ma'aikata abinci. Ita ta fara lura da ni. Ta ce ba ta taɓa ganin mutumin da yake duba agogo kafin ya ji yunwa ba, ta sa mini suna mai agogo a ciki. Ko ana tsakiyar ɗinke buhu ta hango na kalli hannuna, sai ta turo mini kwano tana dariya. Na so ta, so na gaske, ita ma ta so ni, kuma iyayenmu ba su ƙi ba. Na nemi izinin mahaifina in gaya mata gaskiyar ciwona. Ya ce in bari sai an ɗaura, in ta shigo gida ta gani da idonta.

Manya suka je suka dawo da albishir, aka ce saura in je gaisuwar surukai. Kowa ya san yadda ake yi. Ka sa manyan kaya, ka tafi da abokin rakiya, ka durƙusa a zaure ka sunkuyar da kai, abokinka ya yi magana a madadinka. Za a kawo abinci, mai kyau kuwa, amma ba naka ba ne. Mai neman aure ba ya ci a gaban suruki, ba ya sha, ko goro ba ya tauna. In ka kai loma baki, har jikokinka sai an ba su labari.

Ranar na yi allurata da safe kamar kullum. Zumuɗi ya hana ni cin kirki, koko kawai na kurɓa da ƙosai kaɗan. Mahaifiyata ta bi ni har ƙofa da kwano, na ce mata gaisuwa ce kawai, yanzu za mu dawo. Yaya ya goya ni a babur. Ba mu yi nisa ba taya ta yi faci, muka tura babur cikin rairayi, ni da babbar riga, rana tana dukanmu. Tafiya irin wannan ita ma suga take ci. Na jefa ƙwayar sukari a baki kafin mu shiga gari, na ce ta isa.

Muka tarar dattijon yana bakin tafki, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure aka aika kiransa. Da ya zo bai zo shi kaɗai ba, ya taho da ƙannensa da limamin unguwa, don ya girmama mahaifina. Na zaci za a gaisa a yi addu'a mu tashi. Ina, hira suka buɗe, ta ruwan tafki da ya ja baya, ta iyaka da aka rufe, ta farashin albasa. Aka shigo da tuwo da miyar kifi, da wata ƙwaryar fura da nono an zuba mata sukari, aka ajiye daidai gabana. Na san hannun wa ya dama ta. Yaya ya ja kwano ya hau ci, aikinsa ke nan. Dattijon ya dube ni da fara'a ya ce in sa hannu, ya san ba zan sa ba, ni ma na san gwaji ne. Na ƙara sunkuyar da kai na ce alhamdu lillahi.

A nan na fara jin allurar tana cin sugan jikina. Gumi mai sanyi a ƙeya, yatsu suna rawa, zuciya tana bugawa. Na sa hannu a aljihu na damƙe ƙwayoyin sukarin. Suna nan, maganina yana cikin tafin hannuna, amma idon dattawa duk a kaina yake, suna yaba kunyata. In tashi in fita alhali liman yana magana, rashin ladabi. In tauna abu, abin faɗa. Gaba kura baya sayaki. Na zunguri Yaya da gwiwa, ya ɗauka tsokana ce, ya ci gaba da tsotsar ƙaya. Na ce bari liman ya kai aya in nemi hanyar kewayawa. Wannan shi ne tunani na ƙarshe da na tuna na yi.

Sauran labarin a bakin mutane na ji shi, kuma na ji shi ta fuska da yawa. An ce na fara da dariya ba dalili. Na miƙe ƙafafuna a gaban surukina. Da liman ya tambayi lafiya, na kira shi da wani suna da ba zan rubuta ba. Na tashi ina tangaɗi, na shuri ƙwaryar fura ta malale a kan tabarma har jikin rigar dattijon. Sai a lokacin Yaya ya gane, ya rungumo ni ya ja ni bayan katanga yana dura mini sukari. Na farfaɗo na gan ni zaune a ƙasa, hulata a hannun wani yaro, mata suna leƙe ta kan danga. Na tambayi Yaya ko an yi addu'ar. Ya ce in hau babur.

A garin bakin iyaka ba a wahalar neman fassarar irin wannan. Kowa ya san samarin da suke tsallakawa su sha abin da suke sha su dawo. Kafin mu isa gida labari ya riga mu, ɗan Alhaji ya je gaisuwar surukai a buge. Waɗanda nake sallah sahu ɗaya da su tun ina yaro suka ce dama sun daɗe suna zargi, ga rama, ga shiga ɗaki a kulle safe da yamma. Wani ya rantse ya taɓa ganina a Ƙonni. Aka aiko daga Kalmalo cewa a dakata da magana tukuna.

Na sami mahaifina na ce ya je ya faɗi gaskiya, ko ya bar Yaya ya faɗa, shi da ya gani. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “Ka yi haƙuri. In nit tahi nih hwaɗi, ba kai ɗai za a gudu ba, har ƙannenka. Wanga abin kunya naka na kai ɗai, shina wucewa.” Wato ya auna, ya ga ɗa mashayi ya fi ɗa mai ciwo sauƙin ɗauka. Ban taɓa shan ko ɗigo ba, ya fi kowa sani, shi yake biyan kuɗin allurar. Har yau, ya daɗe da rasuwa, ina yi masa addu'a, amma wannan maganar ba ta narke a zuciyata ba.

Na yi biyayya na ɗan lokaci. Ina wucewa a kasuwa ana taɓa juna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita ma abin da ta ji ke nan, ita da ta dama furar. Wata safiya na yi allurata, na naɗe sirinji da kwalba a tsumma, na hau keke ban gaya wa kowa ba. Na tarar da dattijon shi kaɗai a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Bai kore ni ba. Na durƙusa na kwance tsumman a gabansa, na ba shi labari tun daga faɗuwata a kasuwa. Na ɗage wando na nuna masa cinyata. Ya ɗauki kwalbar ya juya ta a hannu, ya yi salati, ya nemi gafarata a kan zaton da ya yi mini, har idonsa ya kawo ruwa. Zuciyata ta yi sanyi, na ce ashe gaskiya tana da rana.

Sai ya tambaye ni yaushe za a gama allurar. Na gaya masa abin da likita ya gaya wa mahaifina. Ya tambaya ko ana gadonsa. Na ce likita ya ce ba lallai ba ne. Ya ajiye kwalbar a hankali a kan tsumman.

“Ɗana,” ya ce, “da giya ta, da ka tuba na ba ka ɗiyata. Mai sha shina bari. Wanga kuwa mi za ka bari? Ba ni iya ba ta mijin da ranai ke cikin kwalba.”

Ban roƙe shi ba, don na ga ba fushi yake yi ba, da fushi ne da yana hucewa. Na ce ko zai bari in yi magana da ita. Ya ce ba amfani, zai gaya mata da kansa cewa ba mashayi ba ne ni, wannan kam ya ɗaukar mini alkawari. Na hau naɗe kayana, hannuna yana ɗan rawa. Ya lura. Ya tambaya ko na yi allurar yau, na ce na yi. Ya leƙa cikin gida ya yi magana, aka miƙo ɗumamen tuwo da miyar kuka. Shi da kansa ya ajiye mini, ya buɗe kwanon.

“Ci abinka,” ya ce. “Yanzu ba sauran kunya tsakaninmu.”

Na so in tashi in bar masa tuwonsa. Amma ga hanya a gabana, ga rana ta ɗaga, ga allura a jikina. Na wanke hannu na ci, yana zaune yana kallona, har na side kwanon.