Kwanon Yara da Hannun Ƙanwata

Ɗazu maƙwabciyata ta ɗora hulba a wuta, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa. Sai na gan ni a ƙauyenmu na kusa da Hajj Abdalla, lokacin cirar auduga. Gonaki sun yi fari fat har iya ganin ido, ruwan da ke bin tsakaninsu yana tafiya a hankali kamar ba ya son isa.

Ka san yadda ake ci a gidajenmu. Kwano ɗaya ake ajiye wa yara, kisra, wainar dawar nan mai faɗi marar kauri, da miyar kuɓewa, kowa ya sa hannu. Mu bakwai ne a kan namu, har da ƙanwata, wadda aka haifa jikinta a sake. Shekararta huɗu ba ta tafiya, wuyanta bai riƙe kanta sosai ba, hannunta kuma sai ya yi ta yawo a iska kafin ya sami hanyar baki. Kullum ana zaunar da ita a cikinmu, kullum kwano ya koma tas. Innarmu, wadda ta fita gona tun asuba ta dawo ƙugu a sage, sai ta leƙa kwanon ta ce alhamdu lillahi, yara sun ci.

Ƙanwata kuwa sai ramewa take yi. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, kukan ma ta daina. Aka ba ta rubutu, aka yi mata turare. Wasu suka ce dama irin waɗannan ba sa daɗewa.

Sai kakarmu ta zo daga Rufa'a. Tsohuwa ce mai faɗa, duk muna tsoronta. Ranar farko sai ta zauna a kan angarib, gadon igiyar nan da ke ƙarƙashin rumfa, tana kallonmu muna ci. Da muka tashi ta kira innarmu da "ya bitti", wato 'yata da Larabci.

"Ya bitti, ɗiyag ga ba ciwo ka kashe ta ba, yunwa ta. Kahin ta kai loma guda, wagga ta kai goma."

Ni ta nuna da haɓa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ce mai zama kusa da ita, ni ce nake share abin da ke gabanta, a ganina ba ta so ne. Innarmu ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

Daga ranar kaka ta cire ta daga kwanonmu. Takan dama kunun hulba da madarar akuya, ta jingina yarinyar a ƙirjinta, ta tallafe mata haɓa da yatsu biyu, tana ba ta da ƙaramin ludayi. Kofi ɗaya yakan ɗauke su tun inuwa tana gindin bango har ta kai tsakar gida. Har yau ina ganin hasken da ke ratsa karan rumfar yana zubo musu, kaka tana rera wani abu a maƙogwaro, tattabaru suna kiwo kusa da ƙafarta.

Kafin a gama auduga kumburin ya saɓe. Wata rana ƙanwata ta cije ludayin ta ƙi saki. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Halas, wagga ta zamna."

Kaka ta daɗe da rasuwa. Audugar ta ragu, yaran yanzu kowa da farantinsa, Larabci kuma ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Ƙanwata tana wajena. Ta girma, har yau ba ta tafiya, amma ba wanda ya kai ta tsokana. 'Ya'yana sun san ba a ɗauke tire sai ta gama.

Jiya ta turo min rabin kisrarta, ta ce da muryar nan tata mai jan magana, "Ci, Yaya, na san ki da sauri."

Na yi dariya, na ɗauka, na gutsura na kai mata baki.