Doña Eufrasia, Wadda Ba Ta Yarda da Sheƙi

Kafin motocin kwasar ma'aikatan gona su fara wucewa ta garinmu Maneadero da safe, Doña Eufrasia Verdugo ta riga ta buɗe garejinta. Baƙin kofi take fara sha, a tsaye. Sannan ta ɗaure furfurarta da ɗankwali, ta ɗauki 'yar gudumarta, ta bi tirelolin da ke jere a fili tana ƙwanƙwasa su tana kasa kunne. Tirelolin kwana ne irin na dā, masu jikin alminiyam, waɗanda mota ke ja, da gado da murhu a ciki. Yawancinsu Amurkawa ne suka sauko da su tun zamanin iyayenmu, suka yasar a bakin teku gishiri yana ci. Har aikin da ta gama jiya da hannunta sai ta sake ƙwanƙwasa shi yau. In ka tambaye ta dalili sai ta ce, "Jiya a gajiye nake. Ban yarda da aikin gajiyayye ba."

Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana haka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don kafaɗarta ta dama ta daina ɗaguwa. Ba wanda ya taɓa ba ta lambar yabo, kuma in za a faɗi gaskiya, mu 'yan unguwa ba mu cika sakin jiki da ita ba. Mace ce mai zargi. Mai kawo mata ƙusoshi sai ta zazzage buhun a gabansa ta tona har ƙasa. Limamin cocinmu ma bai tsira ba. Ya taɓa kawo tirelar da ake fita yawo da ita, ya ce wani bawan Allah ya riga ya duba masa tiyon gas. Ta ce, "Bawan Allah ne, na ji, amma makanike ne?" Ta shafa ruwan sabulu a tiyon, kumfa ta dinga tashi a wuri uku. Limamin ya cire hula ya share gumi.

Amma abin da ya sa sunanta ya kamata ya shiga takarda shi ne maganar tirelar Casimiro Lugo, shekara shida da suka wuce.

Casimiro tsohon direban bas ne. Matarsa Otilia ta kwanta ciwon hanta, likitoci suka ce a kai ta gida a lallaɓa ta. Ita kuwa abu ɗaya ta roƙa, a kai ta Mulegé inda aka haife ta, ta ga dabinon garinsu. Tafiyar ta haura kilomita ɗari takwas, ga hawa ga gangara, kuma Otilia ba ta iya zaman awa biyu ba ta kwanta ba. Sai yayanta Fulgencio, dillalin tsofaffin motoci, ya samo musu tirela, don duk inda ta gaji a tsaya ta miƙe. Tirelar kuwa tana sheƙi har mutum yana ganin haƙoransa a jikinta.

Ranar wata Talata Casimiro ya jawo ta garejin. Ya ce, "Doña, makullin ƙofa ne kawai yake cijewa. Jibi za mu kama hanya."

Eufrasia ba ta ko kalli ƙofar ba. Ta ce, "Wa ya goge ta haka?"

"Haka yayan matata ya kawo ta."

"Fulgencio? Dillalin nan?"

"Shi fa. Me ya yi?"

Ta shimfiɗa kwali, ta kwanta, ta shige ƙarƙashin tirelar. Da ta fito, yatsunta baƙi ƙirin. Ta kai su hanci ta shinshina, ta ce, "Tirela ta shekara sittin, amma kwaltar da ke gindinta ɗanya ce. Wa ke shafa wa lafiyayyen ƙarfe kwalta mai kauri haka? Akwai lauje cikin naɗi, Don Casimiro. Wannan kyan ɗan maciji ne."

Casimiro ya ce, "Makulli na kawo, ba wa'azi ba."

Sai ta ɗauko sifana, ta kwance ƙugiyar da ake maƙala tirelar da ita a bayan mota, ta saka a kabad, ta kulle, ta jefa makullin a aljihu. Ta ce, "Ba za ta fita daga nan da mara lafiya ba."

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa. A rumfar mai soya kifi aka ce ai tsohuwar ta ga kaya mai kyau ne, so take ta kushe shi ta saye a wulaƙance ta sayar wa Amurkawa. Wasu suka ce aiki ne ya yi mata ƙaranci take ƙirƙiro ciwo. Ita ma ba ta yi shiru ba. Duk wanda ya leƙo sai ta gaya masa Fulgencio ne ya shafa kwaltar da hannunsa don ya ɓoye aibi. Unguwa ta rabu biyu, kowa yana kallon kowa ta wutsiyar ido.

Washegari da hantsi Fulgencio ya iso da ɗan sanda, Casimiro a bayansu, Otilia tana kishingiɗe a cikin mota an sauke mata gilashi. Mutane suka taru a bakin shingen garejin.

Ɗan sandan ya ce, "Doña, kin girme ni, kada ki sa in yi abin kunya. Ba su ƙugiyarsu."

Ta ce, "Zan ba su, ɗan nan. Amma fara durƙusawa tukuna, wandonka ba zai mutu ba."

Ya durƙusa, Fulgencio ma ya durƙusa. Ta sa jak ta ɗaga gefe ɗaya, ta kankare kwaltar daga babban ƙarfen da ke ɗauke da tirelar gaba ɗaya, daidai inda yake haɗuwa da wuyan ƙugiya. Ta ɗora bakin sukudireba, ta danna da tafin hannu kawai. Sukudireban ya shige har mariƙi. Da ta zare shi, tsatsa ta zubo ƙasa kamar garin barkono. Ta matsa taku ɗaya ta sake dannawa, ya sake shigewa.

Ta dubi Casimiro ta ce, "Kai direba ne. Ka san gangaren da ke kafin Santa Rosalía. In ka taka birki a can wannan ya karye, ina za ta jefa ku?"

Casimiro ya sunkuya ya leƙa inda sukudireban ya huda.

Da ta tsaya nan, da ta gama da kowa lafiya. Amma sai ta juya kan Fulgencio a gaban jama'a ta ce, "Kai kuma, ƙanwarka uwa ɗaya uba ɗaya za ka tura rami saboda riba?"

Muryar Otilia ce ta fito daga mota, siririya, amma kowa ya ji. Ta ce, "Wace riba, Eufrasia? Kyauta ya ba ni. Motarsa ya bayar aka ba shi ita a garin Tecate, a haka ya same ta da kwaltarta. Kuma da shi za a yi tafiyar, shi zai zauna kusa da ni a baya."

Fulgencio yana durƙushe har lokacin, yana murza tsatsar da yatsu, hawaye na bin gemunsa. Shi ma cutarsa aka yi, bai sani ba.

Eufrasia ta shige ciki ta rufe ƙofa. Da safe aka gan ta a ƙofar gidan Fulgencio, ta tsaya a waje inda maƙwabta za su ji, ta ce, "Don Fulgencio, na yi maka ƙazafi a bainar jama'a, na zo in janye a bainar jama'a. Ƙarfe na sani, zuciyarka ban sani ba, na yi magana kamar na sani." Kafin ya amsa ta ƙara da cewa, "Gobe ƙarfe bakwai ka zo gareji. Ina buƙatar hannu biyu."

Ta sallami duk sauran ayyukan da ke gabanta. Aka ciccire ƙusoshin gindi, aka ɗaga gangar jikin alminiyam ɗin ɗungurungum aka rataye a sama, aka janye ruɓaɓɓen ƙarfen. Katakon daɓen ma ashe ya ruɓe, da hannu aka ɓaɓɓalle shi. Ta sa aka yi waldar sabon ƙarfe tana tsaye a kan mai waldar, ta mayar da shi baya har sau biyu. Buga ƙusar irin wannan tirela kuwa sai mutum biyu: ɗaya a waje da bindigar bugu, ɗaya a ciki yana tokare da dunƙulen ƙarfe, ba mai ganin wani. Fulgencio ne a ciki. Daga titi ana jin su.

"Ka tokare ko barci kake?"

"Na tokare, Doña! Kunnena ne ya mutu!"

"Ba da kunne ake tokarewa ba. Wannan ta karkace, cire ta za mu yi."

"Ta arba'in ke nan da kika cire!"

"Ka iya lissafi, saura aiki."

Amma kwanaki suna tafiya, jikin Otilia yana ƙara saki. A mako na huɗu Casimiro ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, idanunsa jajur. Ya ce, "Da gangan kike jan aikin nan don ki nuna ke ce mai gaskiya. In matata ta mutu a garin nan ba ta ga Mulegé ba, a wuyanki."

Eufrasia ba ta ɗago ba. Amma wata ƙawarta mai sayar da tortiya, wainar masarar nan, ta ce mako guda tana kai mata abinci yana dawowa yadda ta kai shi. Ta ce wata rana da tsakar rana ta same ta zaune kan bokiti tana kallon tsohon ƙarfen da aka jefar, Eufrasia ta ce mata, "Ƙawata, in da zai kai su fa? In na cinye wa matar nan kwanakinta a banza fa?" Ta tashi ta taka ƙarfen da ƙafa, ya ɓurme. Ta koma bakin aiki. Duk da haka ba ta rage ƙusa ko ɗaya ba.

Ranar da aka cika mako bakwai suka kama hanya. Kwana huɗu ba labari. A na biyar wayar garejin ta yi ƙara, Fulgencio ne, yana ihu: "Mun sauka gangaren, Doña! Ko ƙara ba ta yi ba! Ga Otilia can zaune a gindin dabino tana yi wa kowa faɗa!" Eufrasia ta ce, "Ka duba iskar tayoyi kafin ku juyo," ta ajiye wayar, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da ɗankwali.

Otilia ta yi wata takwas a Mulegé, a cikin tirelar, a bayan gidan da aka haife ta, kafin ta rasu. Ta aiko wa Eufrasia kwalin dabino. Sai da Eufrasia ta tsaga kowane ɗaya ta duba ko da tsutsa, sannan ta cinye su tas ita kaɗai, ba ta sam wa kowa ba. Casimiro kuwa har yau bai iya buɗe baki ya ba ta haƙuri ba, amma duk inda aka taɓa sunanta da mugun nufi shi ke fara miƙewa.

Ke ce, Doña Eufrasia, mai shiga ƙarƙashi lokacin da kowa ke kallon sama. Ke ce kika yarda unguwa ta kira ki mai haɗama, da dai ki bar mutum uku su sauka gangare a kan tsatsa. Da zarginki ya faɗa kan mara laifi, da ƙafarki kika taka har ƙofarsa. Iyalai nawa ne suka kwana a bakin teku suka dawo gida lafiya ba su san hannunki ne ya dawo da su ba?

Da aka je aka gaya mata za a rubuta wannan, sai ta ƙanƙance ido ta ce, "Wa ya aiko ku? Me kuke nema?" Aka ce ba komai. Sai ta ce, "To, in dole sai kun rubuta, ku sa maganar Fulgencio. Kada ku goge ni in yi sheƙi."

Mun sa, Doña. Mun gode, Allah ya huta da gajiya, ya sassauta miki kafaɗar nan. Ku kuma masu gareji da masu walda, da duk wanda ake miƙa wa abin da rai zai hau, ku yi koyi da ita. Ku durƙusa ku duba, ko da mai kayan zai zage ku. Zagin mai rai ya fi ta'aziyyarsa sauƙin ɗauka.