Batun Burtali Kafin Azahar

Kafin in tafi Ikko aiki a ofishin da ke tsara zaman majalisar dattawa, na taɓa riƙe muƙamin akawun majalisar ƙaramar hukuma a Gaya. A lokacin garinmu Ajingi yana ƙarƙashin Gaya ne. Aikina shi ne in jera batutuwan da kansiloli za su yi muhawara a kansu, wanne zai zo farko, wanne zai biyo baya, in kai wa shugaba ya sa hannu. Na fito jami'a ina ganin ƙaramin aiki ne. Wataƙila ƙaramin ne, amma ya sha hana ni cin abinci.

Abin da ba a koya mana a aji ba shi ne, a zaurenmu batu yana da rai ne kafin Azahar. Da an tashi salla an ci abinci, kansilolin nesa sai su fara sulalewa don kada motar ƙauyensu ta bar su. In an dawo sai a tarar mutane ba su kai yawan da doka ta ce ba, a ɗage zama. Kowa ya san haka, don haka kowa yana duba inda na ajiye batunsa.

Wata bazara kansilan Gafasa, wani dattijo mai barkwanci, ya kawo batun burtali, hanyar shanun da ta ratsa ta gefen gonakin Ajingi ta gangara tafki. Manoma sun yi sharar gona har cikinta. Yana so majalisa ta tsayar da iyaka kafin ruwan shuka, domin in iri ya shiga ƙasa ba mai iya cewa a tuge, shanu kuma ba za su fasa shan ruwa ba. Abin da ke biyo bayan haka ba sai an faɗa ba.

Ɗaya daga cikin gonakin ta mahaifina ce.

Dattijon ya leƙo ofishina ya ce, "Malam akawu, ina ka ajiye mini burtalina?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina dai dubawa."

"Dubawa. Kai ko tuwo aka ajiye maka sai ka nemi dokar cinsa. Ni dai, ɗana, kada ka sa mini shi bayan shinkafa."

Baba kuwa bai ce mini komai ba. Da na je gida ranar Juma'a, kai ni gonar ya yi ya nuna mini takin da ya zuba. Takin ya wuce layin aduwoyin da muka tashi muka sani a matsayin iyaka, ya shiga burtalin sosai.

In na sa batun a sama, a gida za a ce boko ya sa na kai ubana gaban majalisa. In na sa shi a ƙasa, a Gaya za a ce na kare gonarmu. Sai na sa shi a tsakiya, bayan batun rabon rumfunan kasuwa da kansilan Balan ya kawo. Na gaya wa kaina ai haka suka iso ofis, kuma gaskiya ne. Sai dai na san kansilan Balan ba ya fara magana ya gama.

Ranar zaman gari ya waye da zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Aka yi addu'a, aka amince da bayanin zaman baya, kansilan Balan ya miƙe. Ya faro daga zamanin da kasuwar ke gindin tsamiya. Hantsi ya yi, yana kan masu gishiri. Ina rubutu zufa na ɗiga a takarda, sai na lura kansilolin da ke kusa da taga sun daina kallonsa. Hadari ne ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Dukkansu manoma ne. Na san in aka tashi salla yau ba mai dawowa, kowa zai tafi ya fito da iri, gobe da asuba kuma a shuke burtalin.

Akawu ba shi da baki a zauren. Abin da kawai zai iya shi ne ya yi wa shugaba raɗa. Na daɗe ina juya alƙalami. Kansilan Gafasa bai dube ni ba ko sau ɗaya, wannan ya fi damuna. Ƙarshe na sunkuya kusa da kunnen shugaba.

"Ranka ya daɗe, in ba damuwa, ina jin doka ta yarda a sauya jeri a jawo batun burtali, in majalisa ta amince."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka san gonar wa ke ciki?"

"Na sani."

Ya ɗaga hannu ya katse mai magana. "Alhaji, dakata. Rumfunanka ba za su tsiro ba ko an kwana ana ruwa. Bari mu ji na Gafasa."

Aka yi dariya, har shi kansilan Balan, ko da yake ya ce bai ma zo kan masu daddawa ba. Muhawarar ba ta yi tsawo ba, hadarin ya gajarta wa kowa harshe. Aka tsayar cewa kada kowa ya yi shuka ya wuce layin aduwoyi, a aika wa dagatai su sanar. Ana kiran salla iska ta fara buga tagogi.

Bayan la'asar, da ruwan ya ɗauke, na hau babur na nufi Ajingi cikin taɓo. Ban so Baba ya fara ji daga bakin mai shela ba. Na same shi a zaure yana gyaran irin gero a ƙwarya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da aka yanke, ina ta cewa "majalisa ce ta ga".

Ya ce, "Na ji an ce batun yana can ƙasa."

"A tsakiya yake, Baba. Shugaba ne ya jawo shi."

"Shugaban ne ya tuna da kansa?"

Ya ci gaba da tsince tsakuwa daga cikin irin. Can ya ce, "Takin nan da jaki na yi ta kai shi tun sanyi."

Da asuba ya miƙo mini sungumi ya ce tunda ni na san inda iyakar take, ni zan yi sara. Na shiga gaba ina sara, yana biye yana zuba iri yana binnewa da diddige. Hannuna ya manta aikin, kafin rana ta ɗaga ya yi bororo. Duk layin da muka ɗauko, in na iso aduwa sai in juya, shi ma ya juya. Sau ɗaya ne ya tsaya ya dubi takin da ke kwance a wancan gefen, ruwa ya jiƙa shi ya yi baƙi.

Ya ce, "Shanun za su sami ciyawa mai kyau bana. Sara, malam akawu, ƙasa na bushewa."